Bashin Vik da babur ɗin Jackie

Jiya wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare na gama Cyberpunk 2077. Wata uku na yi ina jan sa, wata rana awa biyu bayan Isha, wata rana minti ashirin kacal kafin a ɗauke wuta batiri ya fara kuka. Wanda bai buga ba kuma yana da niyya, ya tsaya a nan, domin zan tona labarin har ƙarshensa. Iyaye kuma ku ji da kyau: wannan gem ba na yara ba ne. Akwai ashar, akwai jini, akwai tsiraici. Akwai wurin rufe tsiraicin a cikin saiti, kuma shi na fara taɓawa tun kafin in zaɓi fuskar da zan shiga da ita.

Na makara ƙwarai, kuma makarar ta yi mini rana. Kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Folan, masu The Witcher 3, sun sanar da wasan tun 2012, ba su sake shi ba sai 10 ga Disamba 2020. Shekara takwas mutane na jira, ga Keanu Reeves an kawo shi kan dandamali a 2019 duniya ta ɗauka. Da ya fito, a kan tsofaffin na'urori irin su PlayStation 4 abin ya zo da kwamacala har Sony ta cire shi daga kasuwarta bayan mako guda, ba ta mayar da shi ba sai Yunin 2021. Duk da haka an sayar da kwafi miliyan 13 a kwana goman farko. Sun yi ta ɗinki da faci har zuwa Satumbar 2023, lokacin da suka yi masa babban garambawul suka kuma ƙara labarin Phantom Liberty, wanda Idris Elba ya fito a ciki. Wannan gyararren na samu. Don haka masu tsohon haushi, ku yi haƙuri, ba gem ɗaya muka buga ba.

Duniyar ma ba tasu ba ce tun asali. Wani Ba'amurke, Mike Pondsmith, shi ya ƙirƙiro ta a 1988 a matsayin wasan da ake yi a kan tebur da takarda da fensir. Shi ya gina Night City a gaɓar tekun Kalifoniya, birnin da gwamnati ta zama 'yar kallo, manyan kamfanoni kamar Arasaka da Militech suke da sojoji da makamai da hukunci. Kai ne V, ɗan haya, wanda dillalai ke kira a waya su ba shi aiki: sato wannan, ceto wancan, kawar da wane. Tun farko za ka zaɓi asalinka, ko ɗan titi, ko ma'aikacin kamfani, ko ɗan ayarin da ke yawo da motoci a hamada. Na ɗauki na ukun, saboda ina son in shigo birnin a matsayin baƙo, yadda ɗan ƙauye ke sauka a tasha yana ɗaga kai.

Kuma na ɗaga kan. Ranar da na fara fitowa daga ɗakin V a wani dogon bene da ake kira H10, na tsaya a bakin ƙofa ban motsa ba. Talla ko'ina, sama da ƙasa, tana magana, tana rawa, tana bin ka. Ƙasan tallar kuma bola ce da mutane kwance a kwali. A birnin nan jiki ma kayan gyara ne. Ka je wurin likitan ƙarfe ya cire maka ido ya sa na kamfani, ya sa maka wuƙaƙe a cikin hannu, ko wata na'ura a ƙashin baya da za ta sa duniya ta yi maka tafiyar hawainiya har ka gama da mutum biyar kafin su juyo. Ni dai na bi hanyar kutse: in laɓe a bayan kwantena, in shiga kyamarorinsu, in ƙona wa mutum wayoyin da ke cikin kansa ba tare da ya ga fuskata ba. Raggon salo ne, na yarda, amma ya fi dacewa da mai buga gem da ido ɗaya a kan fitilar caji.

Aikin farko da ya tsaya mini a rai ceto ne. Kai da abokinka Jackie Welles za ku shiga gidan wasu masu farke mutane suna sayar da kayan jikinsu, ku tarar da wata mata cikin bahon ƙanƙara, rai a hannun Allah. Ita tana da inshorar Trauma Team mafi tsada. Cikin 'yan mintuna motarsu mai tashi ta sauka a baranda, likitoci da bindigogi, kuma kai da ka ɗauko ta a hannunka kai suka fara saitawa, suka ce ka ajiye ta ka ja da baya. A cikin bahon akwai wani mutum, ba wanda ya kalle shi. Na ajiye abin bugawa na yi shiru, saboda na taɓa tsayawa a barandar wani asibiti da dare da ɗan uwana a kan benci, ana ce mana sai an ga shaidar biya kafin a taɓa shi. Waɗanda suka rubuta wannan gem Amurka suke yi wa hannunka mai sanda, ba mu ba. Amma sandar ta nuno har inda nake zaune.

Sai babban aikin da ya rushe komai. Wani dillali, Dexter DeShawn, ya tura ku otal ɗin Konpeki Plaza ku sato wata 'yar na'ura daga ɗakin Yorinobu Arasaka. Kuna ɓoye a ɗakin kuka ga Yorinobu ya shaƙe mahaifinsa Saburo, dattijo ɗan shekara 158, mai kamfanin gaba ɗaya. Wajen gudu aka harbi Jackie, ya cika a bayan tasi kusa da kai. Dexter ya harbe ka a ka, aka jefar da kai a bola. Na'urar da kuka sato, wadda yanzu take cikin kanka, ita ta tashe ka, kuma ita ce za ta kashe ka, domin a cikinta akwai kwafin hankalin Johnny Silverhand, mawaƙin da ya kai bam hasumiyar Arasaka a 2023, kuma a hankali tana goge ka tana rubuta shi a gurbinka. Likitanka ya ce makonni suka rage.

A nan ne na kama kaina da wani abu da har yanzu yake ba ni dariya da kunya. An ce mini makonni suka rage, V na tari yana tofar da jini, ni kuwa me na yi? Na shiga damben unguwa. Na shiga tseren mota. Na yi ta farautar tasin da suka ƙwace wa mai su a lunguna. Na tara kuɗi na sayi motar da ko sau uku ban hau ba. Akwai wurin da Hanako Arasaka, 'yar Saburo, take cewa ka same ta a gidan cin abinci na Embers, wanda daga nan babu dawowa. Na bar baiwar Allah tana jira kusan wata guda. Masu suka suna cewa wannan rauni ne a tsarin wasan, labari na cewa ka yi sauri, taswira na cewa ka zauna ka sha shayi. Da farko na yarda da su. Daga baya na ga ai ban san mutum ko ɗaya da yake rayuwa ba haka ba, har da ni da nake rubutun nan. Duk mun san da alƙawarin, kuma duk muna tseren mota.

Cikin wannan yawon ne na yi abubuwa biyu da suka fi kowane harbi zama a zuciyata.

Na farko bashi ne. Tun farkon wasa, Viktor, likitan ƙarfen da ke wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa a bayan shagon wata mai suna Misty, tsohon ɗan dambe mai yawan kallon dambe a talabijin, ya sa maka idanu na Kiroshi da wani abu a tafin hannu, kuɗinsu 21,000, ya ce ka kawo in ka samu. Ba ya kira. Ba ya aiko saƙo. Za ka iya gama gem ɗin gaba ɗaya ba ka biya ba. A birnin da ko motar asibiti sai ta duba asusunka, ga mutum ɗaya da ya yi maka aiki a kan amana. Lokacin da kuɗina suka fara kai 21,000 ina da ido a kan wata na'urar kutse da nake matuƙar so. Na tsaya a bakin titi ina lissafi kamar mai kuɗin gaske. Wallahi sai da na ji nauyi. Na juya na gangara matakalar nan na biya shi. Na san lambobi ne a kwamfuta, na san Vik ba ya cin abinci. Amma duk wanda ya taɓa cin bashin mai shagon unguwa, irin wanda ba ya rubutawa a littafi kuma ba ya kallonka in ka wuce, ya san wannan bashin ya fi na banki hana barci.

Na biyu zaman makoki ne. Bayan Jackie ya cika, tasin, wanda shi ke tuƙa kansa, zai tambaye ka inda za a kai gawar. Na ce gidan mahaifiyarsa, ban ko yi tunani ba, ina kuma za a kai gawa? Ashe wannan zaɓin shi ke buɗe wani aiki da babu harsashi ko ɗaya a cikinsa. Mama Welles za ta kira ka zuwa El Coyote Cojo, inda za a taru a yi masa bankwana irin na al'adarsu ta mutanen Meziko. Za ka shiga garejinsa ka zaɓi abu ɗaya daga kayansa da za a ajiye a gaban hotonsa. A bakin garejin za ka tarar da Misty, budurwarsa, zaune ita kaɗai, ba ta son shiga saboda ta san uwar ba ta taɓa karɓar ta ba. Na lallashe ta ta shiga. Aka zagayo kaina in yi magana, gem ya ba ni zaɓin kalmomi, na daɗe ina kallon allon. Daga ƙarshe uwar ta miƙo mini makullin babur ɗinsa. Daga ranar ban sake hawa wani abu da son raina ba. Akwai motocin da suka fi shi gudu nesa ba kusa ba, suna nan a ajiye.

Akwai mashaya a birnin mai suna Afterlife, inda manyan 'yan haya ke taruwa, kuma ba a sa wa abin sha sunanka sai ka mutu mutuwar da za a yi labari. Burin Jackie ke nan, kuma ya samu. Na je na ga sunansa a jerin. Ban ji komai ba sai tausayi, domin na riga na ga fuskar uwarsa.

Game da Johnny kuwa, mun daɗe ba ma shiri. Mutum ne mai girman kai, mai ganin kowa ya sayar da kansa sai shi, kuma da yawan abin da yake faɗa a kan kamfanoni gaskiya ne, abin da ya ƙara sa ni jin haushinsa. Sai ranar da muka je filin mai da aka yar da gawarsa, babu kabari, babu alama, ya zauna a kan wani ƙarfe ya yi laushi. Arasaka na tallar fasahar nan ta kwafar hankalin mutum ga attajirai da sunan adana rai. Mu da muka taso a kan cewa sha'anin ruhi na Allah ne, ba mu da wahalar amsa tambayar ko rai ne ake adanawa: abin da ke cikin na'urar hoto ne mai magana, mai shi ya riga ya tafi. Abin da ya burge ni shi ne wasan bai yi mini gardama ba. Shi ma yana barin tambayar a buɗe, har ya juyo da ita kan V ɗin da ka kwashe wata uku kana zama a cikinsa.

Ba komai ne ya yi mini ba. Zaɓin asalin nan da aka cika baki a kansa, bayan rabin awa duk hanya ɗaya suke haɗuwa, sai 'yan kalmomi a hira. Unguwar Pacifica da 'yan Haiti da ke cikinta an gina su da kyau, aka wuce su da sauri kamar an tuna da wani alƙawari. Kuma wasan na zagin talla da sayar da jiki alhali shi ma wani lokaci da su yake jan ido.

A ƙarshe Misty za ta hau da kai saman bene, inda ta taɓa kai Jackie, ka zauna ka yanke shawara. Na kira abokiyata Panam da ayarinsu na Aldecaldos. Zangonsu a hamada, da tantuna da wuta a tsakiya da faɗan shugabanci tsakaninta da jagoransu Saul, ya fi kama da ruga fiye da komai a wasan, kuma su kaɗai ne suka ce ciwona nasu ne ba tare da sun kawo takardar sa hannu ba. An rasa mutane a harin da muka kai wa Arasaka, har da Saul. Bayan duk wannan aka ce wa V jikin ya riga ya lalace, wata shida ya rage. Muka fice daga birnin da dare muka nufi Arizona, ba tabbacin magani. Da sunaye suka fara hawa allo, sai saƙonnin bidiyo suka fara shigowa daga mutanen da na sani a hanya. Na farko Vik ne, yana tambayar lafiyata.

Ƙanena da ya gama bautar ƙasa bana ya karɓi na'urar wasan da safen nan. Ya tambaye ni wane asali zai ɗauka, wane makami ya fi, ina ake samun kuɗi da wuri. Na ce duk ya gano da kansa. Abu ɗaya na gaya masa: in tasi ya tambaye ka inda za a kai gawa, ka ce gidan mahaifiyarsa.