Kwanon da Ake Miƙawa ta Katanga



Wata biyu da haihuwar 'yar yayanmu a Kawo, muka ga farin ɗigo a tsakiyar idonta. Nan take gida ya ɗauki surutu. Wasu suka ce kambun baka ne, wasu suka ce uwar ce ta yi yawon tsakar rana da ciki. Ita kuwa sai kuka, mu ma ba mu tanka ba.

A Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna aka ce yana ce, da ita aka haife ta. Sai muka shiga bincike. Ashe madubin cikin ido ba shi da jijiyar jini. Ƙwayoyinsa na miƙa wa juna ruwa da abinci ta ƙananan ƙofofi, kamar yadda maƙwabta ke miƙa kwanon tuwo ta katanga. Furotin mai suna koneksin ke gina ƙofofin. Tangarɗa a gadon koneksin 46 ko 50 na daga cikin abubuwan da ke sa madubin jariri ya yi hazo. A zuciya ma ta irin ƙofofin nan, na koneksin 40 da 43, saƙon bugu ke wucewa. In sun lalace, bugun kan rikice.

An yi wa yarinyar aiki da wuri, domin jinkiri kan hana ido koyon gani. Amma wata biyu uwarta ta yi tana ɗauke da laifin da ba nata ba, don babu wanda ya taɓa yi mana wannan bayani da Hausa. Alƙalami na hannunmu. Wa muke jira?