Ku Riƙa Taka Bakin Tabki da Sassafe

Ƴaƴana, da yawanku kun yi cirani, kun ga teku a Kwatano ko Lome ko Abijan. Kukan dawo da labarin hanyar bakin ruwa, inda mutane ke fita da la'asar suna shan iska, suna kallon kwale-kwalen masunta da tsuntsayen da ke biye da su. Ina jin daɗin labarin. Amma in na tambayi ɗayanku ran da shamuwa ta sauka garin nan bana, sai ya ce wallahi bai lura ba. Wannan amsar tana damuna ƙwarai.

Mu Kurfayawa ba mu da teku, amma a gadon tsohon kogi muke kwance. Dallol Boso da kuke nomawa ruwa ne mai gudu a zamanin da hamada take da damshi. Daga Azawak ya gangaro, ya ratsa Filinge da Bonkuku da Balleyara da Birnin Gaure, ya faɗa kogin Isa wajen Bumba. Tsaunin da ke tsaye bisa Filinge gaɓarsa ce. Ruwan ya nutse ƙarƙashin yashi, shi ya sa rijiyar kwari ba ta kai ta tudu zurfi, shi ya sa kuma goriba da gawo suka fi son nan. Da damina ta kankama sai tabkuna su cika a wuraren da ƙasa ta lotsa. Bakin waɗannan tabkunan nake so ku riƙa takawa bayan sallar asuba, kafin dabbobi su sauko su dama ruwan, su tattake sawun dare.

Ku fara tun bazara, lokacin da tabkin ba kome sai tsagaggen laka. Abin da za ku fara ji a jikinku iska ce. Duk hunturu daga arewa maso gabas take busowa, busasshiya, da hazo, tana fasa leɓe da dunduniya. Wata rana sai ta juya ta fito daga kudu maso yamma, da nauyi, gumi ya daina bushewa a jikin mutum, dare ya yi zafi har barci ya gagara. Mutane suna ta ƙorafi, amma manomi ya san damshin teku ne ya iso, irin tekun da kuka gani da idonku. Iskar ƙasa daga yamma take zuwa, hadari kuwa daga gabas yake haɗowa. Yakan turo jar ƙura a gabansa, sai bayanta ruwa, in Allah ya nufa. Sau da yawa ƙurar kaɗai ake samu.

A tsakanin nan shamuwa ke isowa. Tafiya mai nisa take yi, daga kudancin Afirka, ta zo ta yi sheƙa a kan itatuwan cikin gari, kusa da mutane. Iyayenmu ba su yarda yaro ya jefe ta ba, kuma suna da hujja, domin fara da tsutsa ne abincinta. Sai gawo ya fara zubar da ganye a lokacin da sauran itatuwa ke shirin tohowa. Bayan ruwan farko shinge ya tashi da magariba, kwaɗi su ɓarke da kuka daga inda jiya ba ka ga ko ɗaya ba. A nan nake so ku yi hankali. Waɗannan alamu suna cewa damina ta kusa, ba su ce ta zauna ba. Na sha ganin mutum ya zuba irinsa duka a ruwan farko, rana ta buɗe sati biyu ko uku, gero ya tsiro ya ƙone. Tsofaffi tona ƙasa suke yi su ga iyakar inda lema ta kai, in ba ta yi zurfi ba su dakata, ko su shuka wani sashe su riƙe sauran iri. A ƙasar da ruwan shekara da ƙyar yake kai milimita 400, irin da ke rumbu ba abin caca ba ne.

Ban hana ku sauraron masu hasashen yanayi ba. Cibiyar Agrhymet da ke Yamai tun 1974 take wannan aikin, bayan farin da ya karkashe dabbobi, kuma ilminsu na gaske ne. Sai dai su faɗin yanki suke kallo. Hadari yakan zuba a Tukunus ya tsallake Shikal. Abin da ya faɗa gonarka, kai za ka auna shi.

Idan tabki ya cika, baƙi sai su yi yawa. Balbela na bin sawun shanu tana tsintar ƙwarin da suka tayar. Zalɓe na tsaye cikin ruwa ba motsi. Kirinjijiya kan zo garke guda da fito irin nata, wani lokaci da dinya a gefe. Da kaka ta wuce, sanyi ya shigo, sai ku ga wasu ƙananan agwagi da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ba ku gan su da damina ba. Daga Turai suke, sun ƙetare teku da hamada don su ci a lakar tabkinmu. Ni dai duk ran da na gan su sai na yi tasbihi. Ku duba ƙasa kuma: sawun dila, jan wutsiyar guza, tonon kurege. Ku hana ƙannenku wanka a ruwan da ya kwanta, don a nan ake kwasar tsargiya, kuma fitsarin jini ba alamar girma ba ne kamar yadda wasu ke faɗa wa yara.

Wanda hanya ta kai shi Yamai, ya sami yamma ɗaya ya bi bakin kogi wajen Gamkalle ko Yantala, ya tsaya har jemagu su tashi. Kogin nan sau biyu yake cika. A watan Agusta da Satumba yakan yi ja da lakar ruwan kusa. A Disamba da Janairu kuma, ba ko ɗigon ruwan sama, sai ya sake tasowa, saboda ruwan da aka yi a Gini sai lokacin yake isowa. A 1985 kogin ya tsaya cik a Yamai, a 2020 kuma ya fasa gaɓa ya ci unguwanni. Masuntan wurin da masu lambu sun san wannan duka ba tare da takarda ba, don kullum idonsu na kansa.

Amfanin kallon kullum shi ne kai kaɗai za ka gane abin da ke raguwa a hankali. Muna yara ungulu cike take a mahauta, yau sai ka yi kasuwa guda ba ka ga ɗaya ba. Guba da ake sa wa mushe da masu sayen kanta don tsibbu sun gama da ita, mushe kuma yana ruɓewa a bakin ruwan da dabbobinmu ke sha. Barewa ta yi nisa. Tabkunan ma suna cikewa, don an sare itatuwan tudu, korama na kwaso yashi tana jibgewa a kwari. Babu wanda ya wayi gari ya ga an yi wannan a dare ɗaya, shi ya sa ba a yi kururuwa ba.

Amma ku dubi raƙuman dawa na Kure, a kudancin wannan kwari namu. A 1996 kusan 50 suka rage a duk Afirka ta Yamma. Aka sami masu binsu kullum, suna gane kowanne da zanen jikinsa, suna ƙidaya, mutanen ƙauyuka suka yarda su zauna da su ko da suna taɓa musu wake. Suka hayayyafa suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji.

Na san daji ya yi wuyar shiga a shekarun nan, ban ce ku yi nisa ba. Tabkin bayan gari ya isa. Ku sayi ƙaramin littafi irin na ƴan lakwal, ku rubuta da boko ko da ajami: ran da iska ta juya, ran da shamuwa ta zo, ran ruwan shuka, iyakar inda tabki ya kai, da watan da ya ƙafe. Ku kafa dutse a bakin ruwan bana don ku gwada da na baɗi. Ku riƙa tafiya da yaro ɗaya, kuna gaya masa sunan kowane tsuntsu, wanda ya shige muku duhu ku zo ku tambaye mu tun muna nan.