WANE RUMBU MUKE CIKAWA?

Duk wanda ya san garin Gombe ya san kasuwar Tudun Hatsi. Da zarar kaka ta yi, sai ka ga motoci suna ta shigowa daga ƙauyukan Dukku da Nafada da Kumo da Biliri, maƙare da buhunan masara da dawa da gero da wake, 'yan dako suna ta saukewa, dillalai suna ta ciniki, ma'auna kuwa ba su da sukunin ko ɗaga kai. Ni Kirista ne, a wannan gari na tashi, kuma buhunan nan da akan jera har su kusa taɓa rufin shago sukan tuna mini da wani misali da Yesu Almasihu ya bayar. Shi ne dalilin wannan ɗan rubutu, ina kuwa fata masu karatu, Kirista da Musulmi, za su sami abin tsinta a ciki.

Misalin yana cikin Bisharar Luka, sura 12. Wani attajiri ne gonarsa ta yi albarka har rumbunansa suka kasa ɗaukar amfanin. Sai ya yi shawara da zuciyarsa cewa zai rushe su ya gina manya, sa'an nan ya miƙe ƙafa ya ci ya sha shekara da shekaru. A wannan dare Allah ya karɓi ransa, ya kuma kira shi wawa. To, abin lura a nan shi ne, ba a ce mutumin ya yi sata ba, ba a ce ya ci iyakar gonar wani ba. Guminsa ne, halalinsa ne. Amma in ka bi shawarar da ya yanke daga farko har ƙarshe, ba za ka sami kowa a cikinta ba sai shi kaɗai. Babu maƙwabci, babu maraya, babu Allah da ya saukar da ruwan.

Tanadi kam ba laifi ba ne. A cikin Littafin Farawa, sura 41, Yusufu ya tara hatsi a Masar shekara 7, da yunwa ta zo ya buɗe rumbuna, al'umma ta tsira. Watau shi ma ya gina rumbu kamar attajirin nan. Bambancinsu yana ga wanda aka yi tanadin dominsa, da kuma ranar da aka buɗe ƙofa.

Tarihin garinmu ma ya isa wa'azi ga mai hankali. Masarautar da Modibbo Buba Yero ya kafa a zamanin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Gombe Abba take da fadarta. Bayan zuwan Turawa aka mai da hedkwata Nafada a cikin 1913, sa'an nan a cikin 1919 aka sake tashi aka dawo Doma, inda garin yake a yau. Ashe gari sukutum ma yana ƙaura, balle mutum. A shekarun 1950 auduga ce ke tashe, har aka kafa injin gurza, wanda sunan kamfaninsa na BCGA ya bi wata unguwa har yanzu. A cikin 1963 jirgin ƙasa ya iso Gombe, ya zarce Maiduguri a 1964, iyayenmu suka ɗauka arziki ya zo ke nan ya zauna. Ga shi tashar ta yi shekaru tana zaune shiru, audugar kuma ta ja baya. Ran 1 ga Oktoba, 1996, aka cire Jihar Gombe daga Jihar Bauchi, sai kuɗi suka koma wajen kwangila da filaye da muƙamai. Gaskiyar Bahaushe da ya ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Wasiƙar Ibraniyawa, sura 13, ita ma ta tuna wa masu bi cewa ba su da birni mai dawwama a nan, na gaba suke nema.

Wannan magana mun ji ta a majami'a tun muna yara, amma akwai ranakun da mutanen Gombe suka gan ta da idonsu. Ran 22 ga Disamba, 2014, saura kwana 3 Kirsimeti, bam ya tashi a Tashar Dukku ya kashe mutum 20 ko fiye. Ran 16 ga Yuli, 2015, jajiberin ƙaramar Salla, wasu bama-bamai suka tashi a babbar kasuwa ana tsakiyar cefane, mutum kusan 50 suka riga mu gidan gaskiya. A bikin Ista na 2019 kuma mota ta afka wa jerin gwanon 'yan Boys' Brigade da dare, yara da samari suka rasu suna cikin murnar tashin Almasihu daga matattu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan bayin Allah ya fito daga gida da shirin abin da zai yi gobe. Kada kuwa wani ya ce alhakinsu ne ya kama su. A cikin Luka sura 13, da ana maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, Yesu ya nuna sarai cewa ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba, ya juya gargaɗin kan masu sauraronsa. Mu da muka saura, mu ne ake tambaya.

Kiristocin ƙasar Hausa suna da wata kalma da suke yawan faɗa, watau bege. A bakin sauran Hausawa bege shi ne ɗokin ganin wanda kake ƙauna ba ya kusa. A majami'a kuwa ana nufin sa zuciya tabbatacciya ga alkawarin Allah, cewa mutuwa ba ita ce ƙarshen zance ba, akwai tashin matattu, akwai kuma gida wurin Uba inda babu kuka babu baƙin ciki. Ni a ganina ma'anonin biyu sun dace da juna, gama wanda yake begen wani wuri, shirinsa duka can yake fuskanta. Ɗan ci-rani da ya zo birni da rani ba ya sayen gadon ƙarfe ya kafa a zauren da aka ba shi aro. Yakan yi aiki tuƙuru, ya tsuke bakin aljihu, ya riƙa aikawa gida, domin ya san baƙo raɓa ne.

Sai dai akwai ramuka biyu da nake ganin 'yan'uwana suna faɗawa. Na farko shi ne na masu auna bangaskiya da mota da gidan bene. An wayi gari wasu masu wa'azi ba su da magana sai ta buɗi da ɗaukaka, har talaka ya fita daga sujada yana zaton Allah ya yi fushi da shi ne don ba shi da ko keke. A irin wannan wa'azi da wuya ka ji an ambaci sama, domin an riga an sauko da ita cikin asusun banki. Rami na biyu shi ne na masu fakewa da sama don su guje wa aiki, su ce duniya mai wucewa ce, saboda haka ba sai an yi noma ba, ba sai an sa yara makaranta ba. Manzo Bulus ya gamu da irinsu a Tasalonika, ya kuwa yanke musu hukunci cewa wanda ya ƙi aiki kada a ba shi abinci. Shi kansa da ɗinkin tanti yake ci da kansa.

Masu bege na gaskiya su ne suka fi kowa aiki. A cikin Disamba, 1893, samari uku suka sauka Ikko da niyyar kawo bishara ƙasashen nan, su ne Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, ba su ga amfanin wahalarsu ba ko kaɗan. In da lissafin kasuwa za a bi, sun yi asara. Amma daga wannan tafiya ce ƙungiyar mishan ta SIM ta samu, ta isa Kaltungo a cikin 1917, daga cikinta kuma ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. A tsakanin nan, a cikin 1932, aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, mutanen Tangale da Waja da Tula da yawa suka koyi karatu dominsa. 'Ya'yan ƙasa da suka yi ta tafiya a ƙasa daga ƙauye zuwa ƙauye suna koyar da karatu, suna yi wa marasa lafiya hidima, yawancinsu sun mutu ba su bar wa magada komai ba sai suna mai kyau. Jikokinsu ne a yau likitoci da malamai da alƙalai.

To, yaya mutum zai aika da kaya zuwa wancan gida? Amsar tana cikin Bisharar Matiyu, sura 25, inda Yesu ya nuna cewa a ranar shari'a za a duba wanda ya ciyar da mayunwaci, ya shayar da mai ƙishi, ya sauki baƙo, ya tufatar da matsiyaci, ya gai da marar lafiya da ɗan kurkuku, ya kuma ce duk abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta, shi aka yi wa. Na san wata gwauruwa 'yar Zumuntar Mata a unguwarmu, da tuyar ƙosai take riƙe da jikokinta. Duk ran da za ta ɗora tukunya, sai ta ɗebi tafi ɗaya na tsaba ta zuba a wata 'yar tukunya dabam. In wata ya ƙare ta dama kunu ta kai wa majinyatan da ba su da mai jinya a asibiti, ba ta kuwa tambayar sunan mutum ko addininsa kafin ta miƙa masa kofi. Na taɓa ce mata, "Mama, ke ma ai abin taimako ce." Sai ta yi dariya ta ce, "Ɗana, ajiya nake yi inda gara ba ta kaiwa."

Wannan magana ta ƙara nauyi tun daga ran 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, kayan abinci suka yi tashin gwauron zabo, har magidanta da yawa suka koma awon rabin mudu. A irin wannan lokaci ne zuciya take raɗa wa mai hali cewa ya saye hatsi da kaka, ya garƙame shago, ya jira tsakiyar damina sa'ad da rumbun talaka ya ƙare. Littafin Karin Magana, sura 11, ya ce jama'a sukan la'anci mai ɓoye hatsi, su sa wa mai fito da shi albarka. Kiristan da yake rera waƙar sama ran Lahadi, ran Litinin kuma yana addu'ar farashi ya ƙara hawa, lalle ya kamata ya zauna ya binciki kansa. Haka nan ikilisiyar da ke tara miliyoyi don ƙawata gini, alhali marayun cikinta an koro su daga makaranta saboda kuɗin zango. Haka kuma iyalin da suka bar tsoho ya rasa kuɗin magani, ranar jana'izarsa kuwa a yanka sa, a ɗinka anko.

Mutanen Gombe sun san sharrin zaizayar ƙasa, don garin a kan rairayi yake, kwaruruka sun cinye gidaje ba iyaka. Saboda haka ba mai hankalin da zai sayi fili bai tambayi inda ruwa ke bi da damina ba. Abin mamaki, muna yin wannan bincike duka a kan gidan da ba za mu wuce shekara 40 ko 50 a ciki ba, amma wanda za mu zauna har abada da wuya mu ba shi ko sa'a ɗaya a mako.

Shawarata ga ɗan'uwa mai karatu ba mai tsawo ba ce. Ka yi noma, ka yi kasuwanci, ka gina gida, ka ilmantar da 'ya'yanka, amma ka sa Allah a gaba, mutane su biyo, dukiya ta zo a baya tana yi musu hidima. In akwai wanda kuke gaba da shi, ka neme shi tun rana ba ta faɗi ba. In akwai bashin talaka a wuyanka, ka biya kafin ka ƙara bulo a katanga. In ka auna na gidanka, ka auna wa maƙwabcin da ka san hayaƙi bai tashi a gidansa ba, ko wane addini yake bi. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya ta'azantar da iyalansu, ya zaunar da Gombe da Nijeriya lafiya, ya kuma sa ranar da za a kira mu a same mu a shirye. Amin.