Ruwanda: Maƙerar da babu zuga-zugi

Labarin wannan wata daga nesa ya fito, daga ƙasar Ruwanda. Ƙaramar ƙasa ce a tsakiyar Afirka, wajen gabas. Faɗinta murabba'in kilomita 26,338, jahar Maradi ita kaɗai ta fi ta girma. Amma ƙidayar 2022 ta samu mutum miliyan 13 da ɗoriya a cikinta. Kamar Nijar, ba ta da bakin teku.

Baƙon da ya sauka Kigali, babban birni, tuddai zai fara gani. Gida bisa tudu, kasuwa bisa tudu, hanya tana hawa tana gangarawa. Ko da rana tsaka zafi ba ya tsanani, don garin yana sama ƙwarai. Ba a ganin leda a titi, gwamnati ta hana ta tun 2008. Ɗan kabu-kabu da fasinjansa kowa da hular kwano. Ranar Asabar ta ƙarshen kowane wata jama'a na fita aikin gayya da safe, suna ce mishi umuganda.

Daga Kigali sai a tafi tashar Nyabugogo a shiga motar kudu. Da an bar gari kaɗan sai a ƙetare gulbin Nyabarongo, ruwansa ja saboda ƙasar da yake kwasowa daga tuddai. Daga nan har garin Muhanga, wanda a da ake kira Gitarama, ido ba ya ganin daji. Ko'ina noma ne: ayaba, wake, rogo, dankali, dawa. An sassare jikin tuddai hawa-hawa kamar matakala don kada ruwan sama ya tafi da ƙasa. Gonakin ƙanana ne. Yawancin magidanta ba su da ko hekta ɗaya. Manomi ya san abin da wannan ke nufi. Uba mai ɗiya biyar, in ya raba musu wannan ɗan fili, kowa zai tashi da abin da bai fi garka ba. Tilas wasu su nemi abinci a wata sana'a.

Bayan Muhanga sai Ruhango, sai Nyanza, kusan kilomita 90 daga Kigali. Nyanza garin sarauta ne. Nan sarakunan Ruwanda na ƙarshe suka zauna, kafin a soke sarauta a 1961. An mai da fadar gidan tarihi, a bayanta kuma ana kiwon shanun sarki, waɗanda ake kira inyambo. Jajaye ne, masu dogayen ƙahoni farare. Makiyayin da ya gan su zai tuna da shanun Bororo. Masu kiwonsu na yi musu waƙa da kirari, su kuwa suna tsaye kamar sun san da su ake.

Cikin wannan gunduma ta Nyanza akwai wata lakwal ta koyon sana'a. Da can sunanta ETO Gitarama, yanzu da sunan Nyanza ake kiranta. Samari da ƴan mata ke koyon sana'o'i irin su lantarki da kanikanci a cikinta. Ƙasar na da ƙishirwar irin waɗannan lakwal, kuma da dalili. A 1994, cikin kwana ɗari, an yi ma Tutsi kisan ƙare-dangi, mutum sama da 800,000 suka halaka. Malamai da masu sana'a da yawa sun mutu, wasu sun gudu. Da ƙura ta lafa, sai aka iske masu koyarwa sun yi ƙaranci.

Tsakanin 2006 da 2007 wani kamfanin Amurka mai suna SolidWorks ya ƙulla zumunci da wannan lakwal, da kuma babbar makarantar kimiyya da fasaha ta Kigali, KIST, wadda aka buɗe a 1997. Scott Harris, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, yana cikin waɗanda suka yi tattaki zuwa Ruwanda. Kamfanin ba ya ƙera mota ko tarakta. Hajarsa manhaja ce, wato tsarin aikin da ake zuba ma kwamfuta, na'urar nan da ƴan lakwal ke ce ma ordinatar. Ya ba da manhajarsa kyauta, ma'aikatansa suka riƙa zuwa suna koya ma malamai da ɗalibai aiki da ita.

To, mene ne aikin wannan manhaja? Kowa ya san maƙeri. In za a yi mishi aikin galma, sai a kawo tsohuwa ya duba, ya auna da ido da taƙi, ya sa ƙarfe a wuta. In bai yi daidai ba ya mayar ya sake bugu. Gawayi ya ƙone, rana ta tafi. A izin, inda ake ƙera abu dubu iri ɗaya, ba a aiki haka. Sai an zana abu tukuna, an rubuta awon kowane gefe har da milimita. A da bisa takarda ake yi. Yanzu a kwamfuta ake yi.

Ɗalibi zai zauna gaban allon gilashi. Ya zana da'ira, ya rubuta faɗinta. Ya ce ma na'ura ta ja da'irar ta yi tsawo, nan take ta zama sandar ƙarfe, yana juya ta yana ganin gabanta da bayanta da ƙarƙashinta. A ce gindin amalanke yake so. Ya zana sandar, ya zana ƙafafu, ya zana kusoshi, ya harhaɗa su a allo, ya ga ko ramin kusa ya dace da kusar. Sannan ya aza ma amalanken nauyi na ƙarya, kamar buhu goma na hatsi. Na'ura za ta yi lissafi ta shafa ma zanen launi. Inda ƙarfe ke hutawa shuɗi, inda yake wahala ja. Wurin jan nan shi ne inda zai karye a hanyar kasuwa. Sai ɗalibi ya ƙara kauri a nan. Da ya sake awo ɗaya, duk sauran zanen ya gyara kansa. Ba a ƙona gawayi ba, ba a ɓata ƙarfe ba, jaki bai faɗi ba.

Wannan ba wasan yara ba ne. Uwar kamfanin SolidWorks wani kamfanin Faransa ne, Dassault Systèmes, wanda aka kafa a 1981. Ya sayi SolidWorks a 1997 kan dalar Amurka miliyan 310. Da wata manhajarsa mai suna CATIA aka zana jirgin sama Boeing 777 gaba ɗaya a kwamfuta, jirgin ya fara ɗaukar fasinja a 1995.

Mai hankali zai tambaya: me ya sa ɗan kasuwa zai ba da hajarsa kyauta? Tausayi na ciki, ba a musu. Mutanen da suka baro gidajensu suka zo koyarwa bisa tuddan Ruwanda sun cancanci godiya. Amma don tuwon gobe ake wanke tukunya. Yaron da ya koyi noma da hauya, da hauya zai tsufa. Ɗalibin da hannunsa ya saba da manhajar wani kamfani, ita zai nema in ya samu aiki, ita zai ce ma maigidansa ya saya. Shi ya sa ba SolidWorks kaɗai ke zawarcin makarantu ba. Kamfanin Autodesk na Amurka ya buɗe manhajojinsa kyauta ga makarantu da ɗalibai na duniya a 2014. Siemens na Jamus shi ma yana ba ɗalibai tashi mai suna Solid Edge kyauta.

Kyautar tana da iyaka, ya kamata a san ta. Manhajar lakwal ta koyo ce kawai. Zanen da aka fitar da ita yana ɗauke da tambarin da ke nuna na karatu ne, doka ta hana a yi kasuwanci da shi. Ranar da ɗalibi ya gama, ya buɗe shagonsa, sai ya sayi izini na masu sana'a. An yi shekaru kuɗin izinin SolidWorks mafi sauƙi yana kusan dalar Amurka 4,000, wato ya haura miliyan biyu na sefa, ban da kuɗin sabuntawa na shekara-shekara. Ina ɗan manomi mai rabin hekta zai samo wannan? Ga shi kuma zanen da aka ajiye da manhajar wani kamfani ba ya buɗuwa cikakke a ta wani. Akwai manhajar da ba ta kowa ba ce, kamar FreeCAD, wadda kowa ke iya ɗauka ba ko dala. Lakwal mai wayo sai ta koya ma yaranta ka'idar zane da awo sosai, yadda duk wadda suka iske za su iya.

Abin da ya sa labarin Ruwanda ya fita daban shi ne an yi tunanin bayan karatu. Sai a koma Kigali a ga wannan. A 2007 aka kafa wani kamfani a birnin, Gasabo 3D, aka ɗauki matasan da suka koyi manhajar. Masana'antun Turai da Amurka suna da tulin tsofaffin zane na takarda da suke so a mai da su na kwamfuta, aiki mai cin lokaci. Dabarar ita ce a aiko da su Kigali ta intanet, a yi aikin, a mayar ta intanet. Duk wanda ke zaune ƙasar da babu teku zai gane daɗin wannan. Buhun kofi na Ruwanda sai ya yi tafiyar kilomita fiye da dubu bisa babbar mota kafin ya kai tashar jirgin ruwa ta Darussalam ko Mombasa. Zane ba ya biyan kuɗin mota, ba ya kwana a iyaka. Daga baya kamfanin ya shiga zanen gine-gine na cikin ƙasa. KIST kuwa an haɗe ta cikin Jami'ar Ruwanda a 2013.

A 2016 aka ƙara wani mataki. An buɗe FabLab a benen Telecom House, unguwar Kacyiru, da hannun gwamnati, da SolidWorks, da makarantar MIT ta Amurka, da hukumar taimako ta Japan. Ɗaki ne na injuna masu karɓar umurni daga kwamfuta. Wani yana yanka katako da haske mai zafi. Wani yana sassaƙa. Wani yana narka roba yana zuba ta siriri-siriri, hawa bisa hawa, kamar mai ginin rumbu, har abin da aka zana ya tsaya a hannu. Ƙaramin abu yakan ci awa da yawa, in wuta ta ɗauke a tsakiya aikin ya lalace.

Kafin baƙo ya bar Kigali, ya kyautu ya leƙa Gisozi, wani tudu da ke kallon tsakiyar gari. Nan kasuwar kafintoci da masu walda take. Ƙarar zarto da guduma ba ta barin a ji magana. Ana yin ƙofofi, da gadaje, da tagogi, da kujerun lakwal. Mai saye yakan zo da hoto cikin salula ya nuna, maigidan shago ya duba, ya ciro ma'auni daga aljihu, ya ɗauki fensir daga bayan kunne ya ja layi bisa katako. Daga nan zuwa benen Kacyiru tafiyar ƴan mintoci ce bisa kabu-kabu.