Kilin Dala Uku

A shekarar da na yi a Amurka ina bincike a wata jami'a ta jihar Indiyana, na kamu da wata ɗabi'a wadda har yau nake jin nauyin ambatonta a gaban ɗalibai, wato farautar dawakin roba a wuraren sayar da gwanjo. Sanyi da kaɗaici ne suka jawo ta. Ranar Asabar ba ni da wurin zuwa, sai in shiga shagunan tsofaffin kaya ina neman kwanuka da rigar sanyi. A ɗaya daga cikinsu na yi kiciɓis da wani akawal, tsayinsa bai fi taƙi guda ba, yana tsaye tsakanin kofuna. Ni da na tashi a gidan da ba a rasa doki a turke, kallo ɗaya na yi masa na san wanda ya sassaƙa shi ya san doki: ga jijiyar wuya, ga karyar gwiwa, ga kunnuwa a tsaye kamar ya ji tambari. A cikin cinyarsa ta baya na ga tambarin kamfani, Breyer.

Daga nan na shiga karatu, kamar yadda sana'a ta saba mini. Kamfanin ya fara yin doki a birnin Cikago a 1950, kuma dokinsa na farko ado ne da aka yi domin a ɗora kan agogon tebur. Da mutane suka riƙa neman dokin ba tare da agogon ba, sai aka mayar da hankali kan dawakin. Manyan ana yin su a kan ma'aunin ɗaya bisa tara na doki mai rai, ƙananan kuwa ɗaya bisa talatin da biyu. Masu tara su suna da taro duk watan Yuli a garin Lekzintin na jihar Kentaki tun 1990. Da na ba uwargida wannan labari a waya, sai ta ce, "Malam, kai da aka aika neman ilimi, ka ɓuge da tsintar kayan wasan yara?" Ban sami amsar da zan ba ta ba.

Daɗin abin yana wajen neman. Mai kuɗi yana iya shiga intanet ya sayi abin da yake so a farashinsa. Mafarauci kuwa burinsa ya tsinci mai tsada a cikin kwandon araha. Akwai wani iri da ake rububinsa, wanda masu harkar suke kira mai alli. Lokacin da man fetur ya yi tsada a 1973, farar robar da ake zuba dawakin da ita ta yi wuya, sai kamfanin ya koma amfani da roba mai launi iri-iri, yana shafe ta da farin fenti mai kauri kafin a sa mata launin doki. Abin da aka yi don dole shi ne ya zama abin nema daga baya. Ana gane shi idan an ɗaga shi a rana: haske ba ya ratsa kunnuwansa, farinsa ya yi kama da na farar ƙasa, kuma a ƙarƙashin kofato ana ganin inda fentin ya taru ya daskare. Wata shida ina juya dawaki ina leƙa kofatansu, har masu shaguna suka san ni, ban sami ko ɗaya ba.

Da zafi ya shigo, sai aka fara irin cinikin nan nasu na ƙofar gida, inda iyali kan fitar da abin da ba su bukata su baza a kan tebur. Wata Asabar na tsaya a gidan wata dattijuwa mai shirin ƙaura. A ƙarƙashin tebur akwai kwali, a cikinsa akwai goɗiya da duƙushinta da wani kili mai ɗan ƙwarzane a gadon baya. Ta cikin ƙwarzanen na hango roba mai ruwan toka. Na juya kofato, na ga fenti a daskare. Zuciyata ta buga, amma na daure fuska irin ta mai sayen rago a jajibirin Salla. Takardar da ke manne a jikinsa ta ce dala biyar.

A nan ne na yi abin da ya sa nake rubuta wannan. Na taya. Na ce, "Mama, dala uku fa?" Bakina ne ya riga tunanina, domin a wurinmu sayen abu ba tayi kamar cin tuwo ba miya ne. Sai dai a kasuwarmu mai kaya ya san kayansa. In ka taya ƙasa ya ce albarka, ka ƙara, ya sallama, kowa ya tashi da mutuncinsa. Ita wannan baiwar Allah ba ta ce albarka ba. Murmushi ta yi ta karɓa, tana naɗe shi a jarida tana gaya mini cewa na ƴarta ne, ta saya mata shi tana ƴar shekara takwas, kuma ƴar ta rasu bara. Na yi mata ta'aziyya, na karɓi canjina, na tafi.

Masu wannan harka ba su ganin laifi a nan, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa mai kaya ne ya sa farashi, kai kuma ka biya wahalar karatu da yawon wata shida. Da ba ka zo ba, da dokin ya ƙare a bola. Na gaya wa kaina haka a mota. Amma da dare sai karatun zaure ya dawo mini, inda aka hana tare fatake a bayan gari a saye kayansu kafin su shigo su ji farashin kasuwa. Dattijuwar ba ta san abin da ke hannunta ya ninka dala biyar sau da yawa ba, ni kuwa na sani, kuma a cikin biyar ɗin ma na zabge biyu.

Asabar ta zagayo na koma da niyyar in gaya mata gaskiya, ta zaɓa: ko ta karɓi abinta, ko in cika mata kuɗi. Na tarar da gidan a rufe, an cire labule, an kafa allon dillali a bakin hanya. Maƙwabcinta ya ce ta koma wajen ƙanenta a wata jiha, bai san adireshin ba.

Kilin ya biyo ni gida, yana kan kanta a ofishina. Robar da aka yi shi da ita ba ta jure zafi, kuma bazararmu ta farko ta lanƙwasa masa ƙafar gaba ta hagu, har sai da na tokare shi da ƙamus. An ce ana miƙe irin wannan ƙafa da ruwan zafi, amma ina tsoron fentin ya tsage, don haka na bar shi a jingine.