Jirgin Sama A Cikin Ɗaki

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in gaya wa 'yan'uwana akawuna da malamai wani al'amari da ya daɗe yana cina a rai.

Ni akawu ne, mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi. Ina da ƙane ɗan shekara 14 wanda ba shi da zance sai na jirgin sama. Burinsa ya shiga makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, albashina kuwa bai kai can ba tukuna. Saboda haka na sa masa wata manhaja, FlightGear, a tsohuwar kwamfutata. Ita wannan kwaikwayon jirgi ta ke yi sarai, mutum ya tashi ya sauka yana zaune a kan tabarma. Masu sa kai na ƙasashe dabam dabam su ke gina ta tun 1997, kyauta ce, asirin gininta kuma a buɗe ya ke, duk wanda ya iya ya sa hannu.

Ko wace manhaja tana da fuska, watau tagogi da maɓallai da jerin umarnin da mutum ke dannawa. Magina ba su ƙera waɗannan ɗai ɗai, akwai akwatin kayan aikin da su ke ɗauka, kamar yadda mai gini ya kan sayo ƙofa da taga wurin maƙeri. FlightGear ta tashi da wani akwati da a ke kira PUI. Ya yi aiki shekaru masu yawa, amma ya tsufa, an daina sabunta shi, hanyar zanen da ya dogara a kanta kuma sababbin na'urori suna barinta. Da ya zama tilas a sake, sai ra'ayi ya rabu. Waɗansu suka ce a ɗauki Qt, wanda ya fito daga Norwe a 1995, gama ƙaƙƙarfa ne, jama'a da yawa sun san shi, da shi ma aka yi tagar farko da mutum ke zaɓen jirgi da filin tashi. Waɗansu suka ce kayan aro ba ya rufe katara, gara a ƙarfafa Canvas, abin zanen da su da kansu suka ƙera, ko da aikin zai ja lokaci.

Ni ba magini ba ne, amma mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Ran nan na fassara wa yaron umarnin tashi da Hausa, na buga a takarda, na manna a bango. Ƙyuya ta hana ni neman haruffa masu ƙugiya. Inda na ke nufin "ɗaga hancin jirgi" sai ya fito "daga hancin jirgi". Jirgi yana sheƙa gudu a kan titi, yaro ya waiwayo ya ce, "Yaya, daga hancin jirgi zuwa ina?" Kafin in amsa, jirgi ya afka jeji. Muka yi ta dariya, amma daren nan ban yi barci da wuri ba. In ƙugiya guda ta ka da jirgi daga takarda, ina ga fuskar manhaja wadda ba ta san ɗ da ƙ da ɓ ba?

Tun daga ranar, in na ji ana gardamar wane akwati ya fi, abu uku na ke tambaya. Na fari, ya san haruffan ko wane harshe, har ajami da a ke rubutawa daga dama? Na biyu, tsohuwar kwamfuta irin tamu za ta iya ɗaukarsa, ko kuwa sai mai sabuwa? Na uku, wa zai kula da shi bayan shekara goma? Gama abin da ya sami PUI darasi ne. Kyaun ƙofa ba a adonta ya ke ba, sai a yawan waɗanda za su iya shiga ta cikinta.

Amma kada mu ɗora wa magina nauyi duka. Ko sun buɗe ƙofar, Hausa ba ta shiga da ƙafarta, sai wani ya zauna ya fassara. A 1925 jiragen sama uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka Kano, kakanninmu suka fita kallo. Yau an yi shekara ɗari, bai kamata jikokinsu su tsaya a kan kallo kaɗai ba. Ni dai na fara, na rubuta kalmomi a littafin aljihu, ko wace da ƙugiyarta. Malamai masu zurfin Hausa, ku taimake ni da sunan agogon nan mai nuna nisan jirgi daga ƙasa, gama shi ya gagare ni.

Haza wasalam.

Naka,
Akawu,
Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.