Shimfiɗar Fuska a Gidan da Babu Kowa

A jikin ƙofar gidan akwai wani ɗan akwatin ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba. Lambobi huɗu ake juyawa ya buɗe, makulli na ciki. Shekara biyu ke nan wannan akwati yana yi mini aikin da kakata ba ta taɓa bar wa kowa ba, wato tarbar baƙo.

Gidan ɗaki biyu ne da falo a Gwarinpa, cikin Abuja, ina ba da shi hayar 'yan kwanaki, ni kuma ina zaune a Kaduna. Wani biki ya kawo shi, wani neman biza, wani ganin likita, wani taron ofis. Su zo, su sauki kansu, su tafi. Yawancinsu ko a hanya muka haɗu ba za mu gane juna ba.

Da farko na ɗauka in dai makulli ya shiga hannun baƙo, magana ta ƙare. Wani dare ne ya gyara mini tunani. Jirgin wata baiwar Allah ya yi jinkiri, ba ta iso ba sai bayan sha ɗaya, da yara biyu suna gyangyaɗi. Cajin wayarta ya ƙare a hanya, lambobin kuma suna cikin wayar. Ga gida, ga ƙofa, ga makulli a gabanta, amma ba halin shiga. Da mai gadi bai kira ni da tasa wayar ba, ban san yadda daren zai kasance ba. Muryarta babu faɗa a ciki, gajiya ce kawai, kuma ita ta fi ci mini rai. Tun daga ranar nake roƙon kowane baƙo ya rubuta lambobin a takarda ya sa a aljihu, mai gadi kuma ya san sunan mai zuwa da lokacin da ake sa ran isowarsa.

Sai kwatance. Taswirar waya takan ajiye mutum a layin baya, yana kallon katangar da ba ta da ƙofa. Mu kuwa da abin da ido ke gani muke kwatance: in ka wuce masallaci za ka ga mai shayi a gindin mangwaro, ƙofa ta uku, baƙa. Na kuma lura cewa ƙofar da rana daban take da ƙofar da dare. Mai shayin ya tashi, launin fenti ya ɓace cikin duhu. Saboda haka hoto biyu nake turawa, na hantsi da na bayan isha'i.

Dogon saƙo ma na daina. Matafiyi ba ya karanta shafi guda a cikin mota, ga jaka a cinya, ga direba na tambayar ina za a karya. Yanzu saƙona uku ne. Ana gobe zai zo, gaisuwa da kwatance. Ranar zuwa da safe, lambobin akwati. Bayan ya shiga da kamar awa ɗaya, ya sha ruwa ya miƙe ƙafa, sai in tambaya: an sauka lafiya, akwai abin da aka nema ba a gani ba? Daga nan in ja baki, don shi ma baƙo yana da haƙƙin a bar shi ya huta.

Sauran bayani yana jiran mutum a inda tambayar za ta taso masa. A gefen mita akwai takarda mai nuna yadda ake shigar da lambobi ashirin na katin wuta. Kusa da abin canja layi an rubuta me za a yi in an ɗauke wuta. A kicin, yadda ake kunna injin tura ruwa tanki, da lokacin kashe shi. A ɗaki kuma ga kibiya mai nuna alƙibla, darduma a ninke, buta a banɗaki. Wanda ya iso cikin dare da sallah a kansa bai kamata ya fita neman wanda zai nuna masa gabas ba.

Saukar baƙo da lada tsohuwar sana'a ce a wurinmu. A zangunan fatake, daga Salaga ta ƙasar Gana har Sabo ta Ibadan, akwai fatoma, wanda ke ba fatake ɗaki da abinci, ya adana musu kaya, ya haɗa su da masu saye, ya tsaya musu in magana ta taso. Jarinsa shi ne an san fuskarsa, an yarda da kalmarsa. Shi kansa Airbnb da ya yaɗa irin wannan haya a duniya, da fuska ya fara. A 2007 ne wasu samari biyu a San Faransisko suka shimfiɗa katifun iska a falonsu, suka sauki mutum uku da suka zo taro, har da karin kumallo. Akwatin makulli daga baya ya zo. A ƙarshen 2024 ma'aikatar cikin gida ta Italiya ta ba da umarnin cewa sai mai masauki ya tantance baƙonsa ido da ido, kada a dogara da akwatin makulli kawai, saboda tsaro. Na fahimci damuwarsu. Ni ma ba na tura lambobi sai na ga katin shaidar mai zuwa, ana kuma canja su da zarar ya tafi. Shi ma ina gaya masa tun farko cewa babu kyamara a cikin gidan. Na ba shi amanar gida, ya ba ni amanar barcinsa.

Wani dattijo ne ya ƙarasa mini karatun. Ɗansa ya kawo shi asibiti, aiki ya kira ɗan ya koma, aka bar Baba da jikansa ƙarami. Baba ba ya karanta boko, don haka muka koma saƙon murya. Ba ya fara magana sai ya tambayi maigida, yara, aiki da gajiya, ɗaya bayan ɗaya. Na gane cewa gajerun saƙonnina, duk da tsarinsu, sun rasa wannan. Na koma ina amsa masa gaisuwa cikakkiya, in tambayi jiki, sannan a zo kan maganar gas ko ruwan zafi. Ranar tafiyarsa ya kira ni.

"'Yata, Allah bai yi mun gana ba, amma na sha ruwanki. Allah ya yi albarka."

"Amin, Baba. Allah ya ƙara sauƙi, a gaida mutanen gida."

Ruwan da ya sha ba ni na zuba ba. Akwai matar da ke gyara gidan tsakanin baƙo da baƙo. Ita ke wanke zannuwan gado, ita ke juya sababbin lambobi, hannunta ne baƙi ke gani suna gode mini. Na isar mata da addu'ar Baba a ranar, don rabonta a ciki ya fi nawa.

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Wanda ba zai tsaya a bakin ƙofa ba sai ya nemi inda zai ajiye fuskar tasa ta jira baƙo. Gobe ma akwai mai zuwa, jirgin ƙasan yamma zai hawo daga tashar Rigasa ta Kaduna. Na riga na gaya wa mai gyara ta sa ruwa gora biyu a firij, dabino a faranti, in za ta fita kuma ta bar fitilar ƙofa a kunne.